MAI DIGIRIN DIGIRGIR BA SAI A JAMI'A ZA TA CI ABINCI BA

Yau a wannan fili namu ina so mu tattauna wata magana da ake yawan yi a gidajen biki da na suna, har ma da cikin mota in an taso daga Dawakin Kudu za a shiga birni. Maganar kuwa ita ce ta mutanen da suka yi karatu har suka ƙure shi, watau suka sami digiri na uku wanda ake kira digirin digirgir, a fannin Hausa ko Larabci ko Turanci ko tarihi ko addinin Musulunci, amma ga su nan ba su sami aikin koyarwa a jami'a ba. Sai ki ji wata ta ce, "Wance fa Dokta ce, amma tana nan gida tana jiran Allah Ya kawo gurbi." Wata kuma ta karɓe ta ce, "To ina amfanin baɗi ba rai? Ni gara 'yata ta tsaya a sakandare."

Wannan magana ta biyu ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ni dai malamar firamare ce, takardata ba ta wuce Giredi Tu ba, saboda haka wata za ta ce ina ruwan biri da gada. To ruwana a ciki shi ne yaran da ke zaune gabana kullum, domin sau da yawa abin da uwa ta jiyo a gidan biki shi ke sa a bar yarinya ta ci gaba da karatu ko a tsayar da ita.

Ra'ayina a gajarce shi ne, kuskure ne babba mu ɗauka cewa mai irin wannan digiri ƙofa ɗaya tak gare ta, in ta rufe shi ke nan karatu ya tashi banza. Akwai ƙofofi da dama. Amma ba a gane su sai an san da su tun da wuri, an kuma yi musu shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

MENENE SHI KANSA DIGIRIN?

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kai. Yarinya in ta gama sakandare ta shiga jami'a, takan yi shekara 4 ta sami digiri na farko. Sa'an nan ta yi shekara 2 ko fiye ta sami na biyu. Na ukun kuwa ba ya kasa shekara 3, sau da yawa ma yakan kai 5 ko 6, balle ga matar aure mai goyo da girki, balle kuma in yajin aiki ya faɗo a tsakani, kamar na 2022 wanda ya rufe jami'o'in gwamnati wata 8 cur.

A wannan mataki ba zama ake yi a aji ana kwafar darasi ba. Tambaya guda ake ba mutum, ko ya zaɓa da kansa, wadda ba wanda ya taɓa amsa ta sosai. Sai ya shiga ɗakunan karatu da ma'ajiyar tsofaffin takardu, ya bi ƙauyuka yana tambayar dattawa, ya tace gaskiya daga jita-jita, ya rubuta kundi mai shafi ɗaruruwa, sa'an nan ya tsaya gaban manyan malamai, har da wanda aka gayyato daga wata jami'a, ya kāre abin da ya rubuta.

To ki duba 'yar'uwa, me wannan mutum ya koya? Ya koyi karanta abu mai yawa ya fitar da ƙwayar maganar. Ya koyi yin tambaya yadda za a ba shi amsa ta gaskiya. Ya koyi sauraro da haƙuri, da rubutu mai hujja, da ɗaukar dogon aiki ya kai shi ƙarshe ba mai tsaye a kansa da bulala. Ashe kuwa waɗannan abubuwa ba jami'a kaɗai ke bukatarsu ba.

ME YA SA ƘOFAR TA YI ƘUNCI?

Dalili na farko lissafi ne wanda ko 'yar aji uku za ta gane. Farfesa guda yana iya yaye ɗalibai goma ko ashirin masu digirin digirgir kafin ya yi ritaya, amma in ya tashi kujera ɗaya zai bari. Sauran fa, ina za su zauna? Gaskiya ne jami'o'in Nijeriya sun haura 250, amma fiye da rabinsu na 'yan kasuwa ne da ƙungiyoyi, su kuwa sun fi buɗe fannonin da iyaye za su biya kuɗi da sauri, kamar aikin jinya da kwamfuta da shari'a. Bugu da ƙari, a watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatar da kafa sababbin manyan makarantu nata har shekara 7.

Dalili na biyu, manufar ilmi ta ƙasa ta daɗe da cewa cikin kowane ɗalibi 100 da jami'a za ta ɗauka, 60 su zama na kimiyya, 40 na sauran fannoni. Mu mutanen Dawakin Kudu mun fi kowa sanin wannan manufa, domin a garinmu da Dawakin Tofa aka buɗe makarantun sakandare na kimiyya na farko a Jihar Kano a 1977, aka biyo da ta 'yan mata a Taura a 1981. Ba mai musun alherin da waɗannan makarantu suka jawo, ga likitoci nan da injiniyoyi ko'ina. Sai dai garin gyaran gira an so a rasa ido, har yara suka ɗauka cewa wadda ta kasa ce kawai ke zuwa ajin adabi. Abin ya kai har aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a tsarin karatu na 2007, sai a 2022 aka yi bikin maido shi. Shekarun nan da aka yi ba a koyar da shi, ina ake so masu digirin tarihi su dosa?

Kada kuma mu zaci mu kaɗai abin ya shafa. A Amurka, ƙungiyar masana tarihi ta ƙasar ta bi sawun mutum 2,500 da suka sami digirin digirgir a tarihi tsakanin 1998 da 2009, ta fitar da sakamako a 2013. Kusan rabi ne kawai suka sami tabbataccen aikin koyarwa a jami'a. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu kuwa sun bar koyarwa, suna aiki a ma'aikatun gwamnati da gidajen tarihi da kamfanoni da ƙungiyoyi. Tun daga lokacin jami'o'insu da dama suka shiga nuna wa ɗalibai waɗannan hanyoyi tun suna cikin karatu. Mu kuwa a nan, a 2012 da kamfanin Dangote ya nemi direbobin manyan motoci masu digiri, mutum wajen 13,000 suka nema, cikinsu har da 6 masu digirin digirgir da 704 masu digiri na biyu. Aka yi ta dariya da salati, amma ba a zauna an yi tunani ba.

DARASI DAGA KADAWA

Yanzu bari mu dawo gida, mu dubi abin da ke kusa da mu. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan kwatoci zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Kashin farko na aikin an tsara shi ne a kan hekta 22,000. Injiniyoyi sun yi aikinsu, ruwa ya zo, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa Kudu. Mun gode Allah.

Amma fa aikin ruwa ba siminti da ƙarfe ne kaɗai ba, akwai mutane a ciki. Wa ya mallaki gonar kafin a daidaita ƙasa a sake rabo? Yaya gādo yake tafiya a gidan? Ina rabon 'ya mace? In an sare ɗorawa da kaɗanya don a shimfiɗa fili, ina mai daddawa da mai man kaɗe za su nufa, ina kuma uwargida za ta samo itacen girki? Waɗannan tambayoyi ba injin awo ke amsa su ba. Sai wanda ya san tarihin wuri da harshensa da addininsa da al'adarsa, ya kuma iya shiga gida ya zauna kan tabarma ya saurara.

Tun shekarun 1970 an sami masu bincike da suka zo suka yi wannan aiki. Wata Baturiya, Tina Wallace, wadda ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta yi rubutu a kan yadda aikin ya shafi ƙananan manoma, daga baya kuma ta bar koyarwa ta kama aiki da ƙungiyar agaji ta Oxfam. Wata kuma, Cecile Jackson, ta fitar da littafi a 1985 a kan yadda aikin ya taɓa rayuwar matan yankin. Haka nan wani Ba'amurke, Philip Shea, ya rubuta kundin digirinsa a 1975 a kan sana'ar rini a ƙasar Kano, wadda ta sa baƙin Kura ya yi suna har cikin Sahara wajen Buzaye. To jama'a, abin tambaya a nan shi ne, in har mace za ta taso daga Ingila ta zo ta koyi Hausa don ta ji ta bakin matan Kadawa, me zai hana 'yar Kura ko 'yar Tsakuwa ko 'yar Tamburawa, wadda ta tashi da harshen, wadda kuma ba gidan da za a hana ta shiga?

Kuma bukatar ba ta ƙare ba. Daga 2014 aka shiga wani babban shiri da rancen Bankin Duniya don gyara hanyoyin ruwan nan, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Irin wannan shiri ba ya tafiya sai da masu jin koken jama'a, da masu sasanta rikicin ruwa tsakanin na sama da na ƙasa, da na manomi da makiyayi, da masu rubuta rahoto. A 2016 da tsutsa ta cinye tumatir, manoma sun bukaci wanda zai bayyana musu yadda ake amfani da maganin feshi cikin Hausa mai kyau, domin rubutun jikin kwalba da Turanci yake. Ga tsargiya da ke kama yaran da ke wanka a kwata, wadda ba ta jin magani kaɗai sai an haɗa da wa'azi da jan hankali. Ga mata masu turara shinkafa a Kura da ke bukatar mai tsara musu ƙungiya da takardun neman jari.

Mu tuna kuma da abin da ya faru da rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Jihar Kano saboda shakkun jama'a, sai a 2004 aka ci gaba. Maganin yana nan, likitoci suna nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne yarda. Sai da sarakuna da malamai da mata masu bi gida gida suka sa baki, sa'an nan aka kai ga 2020, shekarar da aka tabbatar an kawar da ainihin cutar daga Afirka. Wannan yarda kuwa da harshe ake samo ta, da sanin addini da halin mutane.

Ruwan Tiga da an bar shi cikin madatsa, ko buhu ɗaya na shinkafa ba zai ba mu ba. Haka kundin da aka rubuta aka jera a kan kanta yana shan ƙura.

WAƊANDA SUKA BI WATA HANYA

Kada wata ta ce zance ne kawai, ga misalai na mutanen da kowa ya sani. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i, 'yar Ringim, tarihi ta karanta a Jami'ar Bayero, ta yi digirin digirgir a fannin ilmi a Amurka, ta riƙe kwamishina a Jigawa, sa'an nan ta zama Ministar Ilmi daga 2010 zuwa 2013. Farfesa Zaynab Alkali, wadda ta yi nata digirin a kan adabi, duniya ta san ta ne ta hanyar littattafan labari da ta fara fitarwa a 1984, har ma ta taɓa barin jami'a ta yi 'yan shekaru tana aiki a hukumar lafiya matakin farko a Abuja kafin ta koma koyarwa. Dokta Ayesha Imam ta koyar a Zariya, daga baya ta jagoranci ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB wadda aka kafa a 1996. Wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a kan tallar yara a birnin Kano a shekarun 1970, a gidan tarihi na birnin New York ta yi yawancin aikinta.

A wajen maza ma haka ne. Farfesa Mahmood Yakubu tarihi ya yi wa digirin digirgir a Oxford ta Ingila, amma ya shugabanci asusun tallafa wa manyan makarantu daga 2007 zuwa 2012, ya kuma riƙe hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2015 zuwa 2025. Dokta Hamid Bobboyi, shi ma masanin tarihi, ya riƙe hukumar ilmin bai ɗaya ta ƙasa daga 2016 zuwa 2024. A Jamhuriyar Nijar, masanin tarihi André Salifou ne ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Akwai kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda kundinsa na 1988 a kan makarantun kimiyyar nan namu ne, amma daga baya ya karkata ga nazarin littattafan Hausa da finafinai da waƙoƙi, har ya zama farfesa karo na biyu a 2012. Watau dai hanyar da mutum ya faro da ita ba dole ita zai ƙare da ita ba.

Na san wata za ta ce, "Ai waɗannan manya ne, kuma yawancinsu sai da suka fara samun kujera a jami'a." Gaskiya ne, ba kowa zai zama minista ba. Amma abin lura shi ne, aikin da suka yi a waje da irin horon nan suka yi shi, ba da wani ba. In ya yi amfani a Abuja, zai yi amfani a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Hasali ma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma ba ta tsaya jiran ɗalibai su same ta a zaure kaɗai ba. Ta naɗa jajoji, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata, abin da ake kira 'yan taru. Malaman birnin Kano kuwa tun kaka da kakanni suna haɗa karatu da ɗinki ko fatauci ko rubutun littattafai, ba wanda ya ce darajarsu ta ragu. Yaushe muka koyi cewa ilmi ba ya cika sai da ofis mai suna a jikin ƙofa?

TO INA AIKIN YAKE?

Na farko, fassara da aikin harshe. Asibitoci da kotuna da bankuna da hukumomin noma duk suna bukatar a mai da takardunsu Hausa, kuma wadda ta taɓa karanta gurguwar fassara a jikin allon talla ta san ana neman gwanaye. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da injinsa ke fassarawa, kamfanonin kwamfuta kuma suna biyan masu gyara wa injinan nan Hausarsu. Wannan aiki ne da matar aure za ta iya yi daga ɗakinta in tana da kwamfuta da intanet.

Na biyu, watsa labarai. Sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957, ga na Jamus da na Faransa, ga Rediyo Freedom da aka buɗe a Kano a 2003, ga jaridar Aminiya, ga tashar Arewa24 tun 2014. Duk suna bukatar masu bincike da masu tsara shiri da masu tace rubutu. Masu shirya finafinan Hausa ma da za su riƙa neman shawarar masana tarihi da al'ada, da ba mu riƙa ganin sarkin zamanin da sanye da agogo ba.

Na uku, littattafan yara. Duk malamar firamare ta san irin ƙishin da muke yi na littattafan karatu cikin Hausa masu daɗi, waɗanda suka dace da shekarun yaro. Wa ya fi mai digirin Hausa cancantar rubuta su?

Na huɗu, adana tarihi. Ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun ƙasa a Kaduna, ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Bayan su akwai dubban rubuce-rubucen ajami da na Larabci a cikin adudai da gafakoki a gidajen malamai, gara tana ci. Akwai kuma tsofaffi mata masu tatsuniya da waƙoƙin daɓe da na niƙa, kullum suna tafiya da abin da ke kansu.

Na biyar, makaranta ta kanki. Dokta da ta buɗe makarantar 'yan mata ko ajin yaƙi da jahilci na matan aure a Bunkure, ta tsaya ta riƙe shi da kyau, wallahi ba ta gaza wadda ke lacca a birni ba. Ga kwalejojin horon malamai, ga ofisoshin tsara manhaja da na duba makarantu, ga manyan makarantun sakandare da ke neman shugabanni masu ilmi.

GASKIYA ƊAYA CE

Ba zan ɓoye muku ba, waɗannan hanyoyi ba shimfiɗaɗɗu ba ne. Mai ɗaukar aiki a waje ba ruwansa da kaurin kundi, abin da zai tambaya shi ne, "Me kika iya yi?" Wani ma tsoron mai babbar takarda yake yi, yana ganin za ta nemi albashi mai yawa ko ta raina shi. Aikin ƙungiyoyin agaji kuma na kwantaragi ne, yau akwai gobe babu, kamar yadda aka gani a 2025 da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, ma'aikata da yawa a ƙasar nan suka wayi gari ba aiki. Aikin fassara ma wani wata a samu, wani wata shiru.

Sa'an nan ba cewa nake yi a guje wa jami'a ba. Muna matuƙar bukatar mata malamai a can, domin iyaye da yawa sun fi sakin jiki in sun san akwai mata a wurin. Wadda Allah Ya ba gurbi ta riƙe da hannu biyu. Abin da nake ƙi shi ne zaman jiran tsammani, shekara biyar, shekara bakwai, ilmi yana dusashewa, zuciya tana ƙuna, alhali ga aiki a bakin ƙofa.

Akwai kuma wadda ke neman digirin don a kira ta Dokta a wajen biki kawai. 'Yar'uwa, in don wannan ne, ki huta. Kuɗin da za a kashe da shekarun da za a ɓata sun fi ƙarfin suna.

SHAWARA

Gare ku ƙannena 'yan makaranta: in Allah Ya ba ki kan adabi ko tarihi ko Larabci, kada ki ji kunya, kada kuma ki bari a ce miki ajin raggwaye ne. Amma ki haɗa da wani abin hannu. Ki koyi kwamfuta da buga rubutu. Ki gyara Hausarki da Turancinki har ki iya juya magana daga wannan zuwa wancan ba tangarɗa. Ki shiga ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo. Ki riƙa rubuta gajerun labarai, ga gasar Hikayata ta BBC nan da aka fara a 2016 don mata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gare ki uwargida mai niyyar komawa karatu: kafin ki cika takarda, ki zauna da maigida ku yi shawara ta gaskiya, shekara nawa, kuɗi nawa, wa zai kula da yara ranar da kika tafi bincike. In kina da aiki, kada ki ajiye shi sai dole, ki nemi hutun karatu. In za ki zaɓi abin da za ki yi bincike a kai, ki zaɓi wanda wani zai amfana da amsarsa, kamar gādon gona ga mata a yankin noman rani, ko tarihin marinar Kura, ko kalmomin da manoma ke kiran cututtukan shuka da su. Mai irin wannan kundi tana gamawa ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Kuma tun kina cikin karatun ki fara taɓa aikin waje, ko da na sa kai ne, domin a san ki, ke ma ki san mutane.

Gare ku iyaye da mazaje: 'yarku ko matarku in ta gama ta kama aiki a gidan rediyo ko ta buɗe makaranta, kada ku ce ta faɗi. Ku daina tambayarta, "Har yanzu ba a ɗauke ki a jami'ar ba?" Wannan tambaya tana karya zuciya fiye da yadda kuke zato.

Gare ku malaman jami'a, da girmamawa: ku faɗa wa ɗalibanku gaskiya tun ranar farko cewa kujeru ba za su ishi kowa ba. Ku riƙa gayyato tsofaffin ɗalibanku da ke aiki a waje su zo su yi musu bayani. Ku kuma sa kowane ɗalibi ya taƙaita kundinsa cikin Hausa mai sauƙi, a karanta a rediyo, domin mutanen da aka yi wa tambayoyi su ji abin da aka samo.

Ga hukuma kuwa, duk aikin da za a yi wa talakawa, na ruwa ne ko na lafiya ko na noma, a ware gurbin masu sanin harshe da tarihi da halin jama'a, kuma a sa mata a ciki, tun da su ke iya shiga inda namiji ba ya shiga.

Ilmi dai gishirin zaman duniya ne, gishiri kuwa ba a ajiye shi don miya ɗaya. Saboda haka in kin sake jin ana yi da wata Dokta a gidan biki, kada ki je gida ki cire 'yarki daga makaranta. Ki bar ta ta yi karatu iyakar ƙarfinta, ki dai tabbata ta san hanya fiye da ɗaya. Ina fata masu irin wannan digiri da ke aiki a wajen jami'a za su rubuto wa wannan fili su ba ƙannenmu labarin yadda suka yi, domin matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya shirya mana zuriya, amin. Haza wasalam.